Jagorar Ɗan Agaji Mai Zuwa Taron Shiyya Daga Batsari da Safana

Kusan duk ƙungiyar agajin da ke da rassa a jihar Katsina takan kira taron shiyya na ƙarshen mako, a hallara ranar Juma'a a watse ranar Lahadi, galibi a birnin Katsina, wani jiƙon a Dutsin-Ma ko wani gari mai makarantar kwana da za ta ɗauki baƙi. Na daɗe ina raka wakilan rassa daga Batsari da Safana zuwa irin wannan taro, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kurakuran sababbin wakilai ba sa canzawa. Matashi mai himma zai goge kaki, ya kwana biyu a wurin taro, ya dawo da waya cike da hotuna da takardar shaidar halarta, amma in shugaban reshe ya tambaye shi me aka yanke, sai ya ce, "An dai yi jawabai masu kyau." Kuɗin motar da ya kai shi kuwa daga aljihun talakawan membobi ya fito, wani sai da ya haƙa rogo ya kai kasuwa sannan ya ba da nasa karo-karon.

Ba ƙungiya ɗaya nake nufi ba. Akwai 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam, wadda Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya jagoranci kafa ta a Kaduna a 1962. Akwai na Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, da na Fityanul Islam, da Red Cross ta Nijeriya da doka ta tabbatar a 1960, da matan FOMWAN da suka fara a Minna a 1985. Har da irin su Rotary, wadda ta samo asali a Amurka a 1905, ta buɗe reshenta na farko a Nijeriya a Kano a 1961, ta kuma zuba dukiya a yaƙi da shan-inna. Kaki ya bambanta, take ya bambanta, amma ƙirar taron kusan ɗaya ce: rajista, buɗewa, rahotannin rassa, bita, ƙudurori, rufewa.

Ga mutumin birni, wannan wani zama ne cikin zaman da ya saba. Mu kuwa ƙananan hukumominmu biyu suna bakin dajin Rugu, kowa ya san abin da shekarun nan suka kawo mana. Shugabannin ƙungiya na jiha ba kasafai suke zuwa Wagini ko Ruma ko Runka su gani da idonsu ba. A watan Satumban 2021 ma layukan waya aka katse a ƙananan hukumomi 13, har da namu biyun, sai mutum ya yi tattaki kafin ya kira wani. Saboda haka kwana biyun nan su ne lokacin da masu rabon kayan aiki da masu tsara horo za su ji halin da muke ciki daga bakinmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya buɗe baki maƙwabta za su sani. Wakili ɗan aike ne: an ba shi saƙo ya kai, ana kuma jiran ya dawo da amsa. Duk abin da zan faɗa a kan wannan ya ginu.

Kayan tafiya

Takardu su ne gaba da komai, a sa su cikin leda saboda ruwa da zufa: takardar gayyata a buge, ba wadda ke cikin waya kaɗai ba, wasiƙar reshe mai sa hannun shugaba da sakatare, katin shaidar ƙungiya da na ɗan ƙasa, rahoton reshe kwafi uku, littafin rubutu mai ƙwarin bango da biro biyu.

Sai kayan jiki: kaki cikakke, kayan gida, tabarma, gidan sauro, bargo in lokacin hunturu ne, buta, ɗan bokiti, sabulu, tocila, caja da batirin ajiye caji, kwano da cokali, da duk maganin da kake sha kullum. Ka riƙe ƙaramar jakar agajin gaggawa mai safar hannu, bandeji, auduga, filasta, almakashi da ƙullin gishiri da sukari. Ka yi guzurin garin kwaki da ƙuli-ƙuli ko dabino, don abincin daren Juma'a yakan makara, masu girki ba su gama sanin yawan baƙi ba.

Abin da ba ya shiga jaka shi ne makami, ko wuƙa ce. Na san dalilin da ya sa mutanenmu suka saba da riƙe ta, ban kuma raina dalilin ba. Amma aikin ɗan agaji daban, aikin ɗan sa-kai daban, na rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2023 shi ma daban. Wuƙa ɗaya a jakarka ta isa ta sa a tsare mota guda a shingen bincike, ta kuma shafa wa ƙungiya baƙin fenti.

1. Zaman reshe kafin tafiya

Taron shiyya a gida yake farawa, aƙalla mako biyu kafin ranar. Sakatare ya karanta gayyatar da ƙarfi a gaban membobi: ina ne wurin, wakilai nawa aka ba reshe, nawa ne kuɗin rajista, akwai zaɓe ko babu. Sannan a zaɓi masu tafiya. A nan ake fara ɓata rawa da tsalle, domin ana mai da kujerar wakilci tukwici, a ba wanda ya fi biyan kuɗin wata ko wanda ya fi kusa da shugaba, ko kuma mutum ɗaya ya riƙa zuwa kowace shekara har ilimin ya taru a kansa shi kaɗai, ran da ya tafi cirani reshe ya koma ba kowa. Ku nemi mai saurin rubutu, da mai aikin agaji da hannunsa, da mace in an ba da gurbi. Ku haɗa tsohon hannu da sabo.

A wannan zama ne kuma za a tsayar da buƙatar reshe. Guda ɗaya, in ta yi yawa biyu. Shiyyar Katsina ta Tsakiya kaɗai ƙananan hukumomi 11 ne, kowace da rassanta, kowa kuma da kukansa. Wanda ya zo da buƙatu goma ba a tuna ko ɗaya daga ciki. Wanda ya ce, "Muna neman a turo mai horarwa ya koya wa membobinmu tsayar da jini kafin damina," shi ake iya cewa to ko a'a, kuma ko a'a ɗin amsa ce da za ka kai gida.

2. Rubuta rahoton reshe

Shafi ɗaya ya isa. A ciki a faɗi yawan membobin da ke fitowa aiki, ba waɗanda sunansu ke cikin rajista tun shekara biyar ba. Ayyukan da aka yi tun taron baya, kowane da ranarsa da wurinsa. Kuɗin da ya shigo da wanda ya fita. Kayan aikin da ke hannu. Sai buƙata a ƙarshe.

Kuskuren da na fi gani shi ne magana a dunƙule. "Mun taimaka wa 'yan gudun hijira ƙwarai da gaske" ba ta gaya wa kowa komai. A rubuta cewa ranar kaza, a makarantar firamare kaza, an raba tabarmi kaza ga magidanta kaza, an kai masu jinya kaza asibiti. Mai karantawa a Katsina bai ga wurin ba, lissafin nan shi ne idonsa, da shi kuma zai kare buƙatarku a gaban na sama da shi.

Kada a ƙara gishiri. Akwai masu ninka yawan membobi da zaton za a ba su kaya da yawa. Ran da aka turo mai horarwa da shirin mutum sittin ya tarar da goma sha biyar, ba reshenku kaɗai kuka kunyata ba, duk rahoton da ya sake fitowa daga Batsari ko Safana da shakka za a karanta shi.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa sam. Sunan matar da aka sace ta dawo, sunan wanda ya ba da labari aka tsira, sunan wanda ya biya kuɗin fansa, duk ba su da wuri a takardar da za ta bi hannu da yawa, a ɗauke ta hoto, ta faɗa inda ba ka zata ba. Haka nan kada rahoto ya ɗora laifi a kan wata ƙabila. Manomi da makiyayi duk muna ɗaure musu rauni, kuma reshen da aka san shi da ɓangaranci akwai ƙauyukan da ba zai sake shiga ba.

3. Kuɗi

Ka tambaya tun a gida: wa zai biya mota, wa zai biya rajista, akwai ciyarwa ko kowa tasa ta fisshe shi? Kada ka tafi da tsammanin alawus, yawancin tarukan nan ba a ba da ko sisi. Kuɗin dawowa ka ware shi daban, tsabarsa, kada ka taɓa shi. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san kuɗi a asusu ba kullum yake hawa mota ba. Ka karɓi rasit na duk abin da ka biya. A tasha ba a ba da rasit, to ka rubuta a littafinka nan take abokin tafiyarka ya sa hannu. Rigimar naira dubu biyu ta sha rusa reshen da harin 'yan bindiga bai rusa ba.

4. Hanya

Wannan matakin shi ne wanda ba a gyara kuskurensa, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Wakilan ƙauyuka su shigo gari tun Alhamis. A Batsari ranar kasuwa ce, motoci da babura suna zirga-zirga, ba ka rasa abin hawa. A kwana a gari, a tashi Juma'a da safe, amma ba da duku-duku ba. A bari rana ta fito, motocin farko su iso daga ɗaya ɓangaren, a tambayi direbobi da 'yan kamasho yadda hanya ta kwana. Su ne suka fi kowa sanin labarin hanya, kuma ba sa ɓoye wa wanda ya gaishe su da mutunci. Na Batsari su miƙe zuwa Katsina, na Safana su fito ta Dutsin-Ma su bi ta Kurfi. Niyya ita ce a yi sallar Juma'a a garin taro. In labarin hanya bai yi daɗi ba, a fasa, a kira masu taro a faɗa musu. Ba a taɓa korar reshe don ya makara saboda tsaro ba, ko da kuwa an ce an samu sauƙi.

Ranar tafiya da motar da za a hau, shugaban reshe da iyalinka kaɗai ya kamata su sani. Matasa, ku yi haƙuri da Facebook da WhatsApp har ku dawo. Hoton da ka ɗora a tasha da rubutun "muna kan hanya" ba abokanka kaɗai ke ganinsa ba. Kada kuma shugaba da sakatare da ma'aji su cika mota ɗaya in akwai halin rabuwa.

Kaki ya zauna a jaka har a isa. Daga nesa, kakin ɗan agaji da hularsa da bel ba su da bambanci da na jami'in tsaro ga mutumin da ke leƙe daga daji, kuma ba zai tsaya tambaya ba. Ƙungiyar da ke da ƙa'idar sanya tambarinta a kan hanya, kamar Red Cross, sai a bi umarninta. A shingen bincike a bar direba ya yi magana, a sauke waya, kada a ɗauki hoto, in an tambaya a nuna kati da takardar gayyata. Ka rubuta lambar mutum biyu a takarda ka sa a aljihu, saboda waya tana mutuwa tana kuma ɓata. Da damina, in ruwa ya hau kan kwalbati, a jira ya janye ko direba ya ce ya saba.

In kun ci karo da haɗari a hanya, zuciya za ta ce ku diro. Ku tsaya tukuna ku duba. Darasin farko na agajin gaggawa shi ne tabbatar da cewa wurin ba zai ci mai ceto ba, kuma a hanyoyinmu ba duk motar da ke tsaye a gefe ce ta lalace ba.

5. Rajista da masauki

Da isa, rajista tukuna kafin neman wurin kwana. Ka duba yadda aka rubuta sunanka da sunan reshe, don daga wannan takarda ake cika shaidar halarta, daga ita kuma ake kiran mutane horo na gaba. Ka karɓi ajanda. Ka tambayi wane ne sakataren taro ka miƙa masa rahotonku a daren nan na Juma'a. Dalili kuwa, kwamitin ƙudurori yakan zauna ne tun kafin ranar rufewa, rahoton da ya zo ranar Lahadi sai dai a sa shi a fayil. Sauran kwafi biyun, ɗaya na hannunka, ɗaya na duk wani jami'in da ya nuna sha'awa.

Masauki yawanci ajin makaranta ne ko ɗakin kwanan ɗalibai. Ka ɗaura gidan sauro da sauran haske, ka san inda ruwa da bayi da masallaci suke, ka yi wa cajarka alama, ka kwanta da wuri.

6. Ranar Asabar a zauren bita

Bayan asuba wasu ƙungiyoyin sukan yi fareti, daga nan sai bikin buɗewa, wanda ke jiran manyan baƙi. Kada jiran ya tafi a banza, ka karanta ajanda ku raba aiki. In an kasa mahalarta rukuni-rukuni, kada ku 'yan reshe ɗaya ku ɗunguma ɗaki ɗaya don kunya ko sabo. Ku uku ne, to ku shiga ɗakuna uku, da dare ku haɗa abin da kowa ya rubuta.

In an zo gwaji, ka fito. Sababbin wakilai sukan tsaya a baya suna ɗaukar bidiyo, da zaton za su kalla a gida. Hannu ba ya koyo ta waya. Danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya, sau 30 a hura iska sau 2, da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti, da zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba, abu ne da sai ka durƙusa a kan mutum-mutumin gwaji mai horarwa ya gyara maka gwiwar hannu sannan za ka san nauyinsa. Haka tsayar da jini: a danne raunin da tsumma mai tsabta, in ya jiƙe a ƙara wani a kai ba tare da cire na farko ba, kada a zuba toka ko ƙasa, kada a zare abin da ya nutse a jiki. Haka saran maciji, wanda damina da kaka ba sa wucewa ba mu gan shi ba: ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau, a hana gaɓar motsi a nufi asibiti. Ƙuna a sanyaya ta da ruwa mai gudu kamar minti 20, ban da manja da ƙwai da man goge baki. Ruwan gishiri da sukari in babu na ƙulli, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In an kawo tef ɗin awon damtse, ka koyi ɗaura shi daidai, domin yaron da ke tsakanin wata 6 da shekara 5 da damtsensa bai kai santimita 11.5 ba yana cikin matsananciyar tamowa, kuma matsalar ta yi ƙamari a jiharmu har likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka buɗe aikin kula da irin yaran nan a Katsina tun 2021. Na kawo waɗannan ne don ka san abin da za ka sa wa ido, ba don su maye gurbin mai horarwa ba.

Sai abin da na fi so ka riƙe. Yawancin darussan nan an tsara su ne da tunanin asibiti yana kusa, motar ɗaukar marasa lafiya tana zuwa. Kai ka yi tambayar garinku. Malam, in an harbi mutum da magariba, hanya ba ta biyuwa sai gari ya waye, me za mu yi masa cikin daren? Yaya ake ɗora mai karaya a babur ko amalanke ba a ƙara masa ciwo ba? In bandeji ya ƙare, wane tsumma ya fi? Ƙwararren mai horarwa yana jin daɗin irin wannan tambaya, kuma amsarta ita ce abin da ya fi komai daraja a cikin abin da za ka kai gida. Ka rubuta ta kalma da kalma, ka karanta masa ya tabbatar.

7. In an ba ka lasifika

Minti biyu ko uku za ka samu. Ka yi sallama, ka gaida shugaba da manyan baƙi a jumla ɗaya, kada ka cinye lokacinka wajen jero saraututtuka. Ka faɗi sunan reshe, ka kawo lissafi ɗaya daga rahoto, ka faɗi buƙata, ka faɗi wanda kuke roƙo da lokacin da kuke so. Ka rufe da, "Ranka ya daɗe, muna roƙon a sa wannan cikin ƙudurori." In Hausa ta fi zama a bakinka, yi da Hausa; gara a fahimce ka sarai da a yaba maka Turanci.

Zafin abin da muka gani yakan taso wa mutum a nan, na kuma ga dattawa sun kasa ƙarasa magana. Ba abin kunya ba ne. Amma kada zafin ya koma zagin gwamnati ko wata jam'iyya, musamman in zaɓe ya ƙarato 'yan siyasa suna zuwa da gudummawa. Red Cross ta sa rashin ɗaukar ɓangare cikin manufofinta bakwai da aka amince da su a 1965, kuma ko ƙungiyarku ba ta rubuta haka ba, hikimar ta shafe ku: ɗan agajin da aka yi wa tambarin jam'iyya rabin gari ne zai buɗe masa ƙofa.

8. Wajen cin abinci

Rabin amfanin taro a bakin tukunya yake. Ka ɗauki kwanonka ka zauna da mutanen Jibiya da Ɗanmusa, in taron ya haɗa har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa to da su, don ciwonmu ɗaya, wataƙila sun riga mu samo dabarar da muke nema. Ka san jami'in horo da mai kula da sito ido da ido. Sannan ka nemi 'yan agajin cikin birni biyu ko uku ku yi musayar lamba. Ran da aka tura mai naƙuda ko mai rauni daga asibitin Batsari ko na Safana zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, 'yan rakiya ba su san kowa ba, ana neman jini da tsakar dare, wannan lambar ce za ta yi aiki. Ka rubuta suna da muƙami da gari a littafi. Abin da ba ya kyau shi ne wakili ya tare babban baƙo da takardar neman aikinsa ko ta ƙanensa. Da sunan reshe ka shiga zauren, kada ka kashe damar a kan kanka.

Ke kuma 'yar'uwa, ki nemi izinin gida da wuri, ki sa shugaba ya tabbatar an ware masaukin mata da bayinsu kafin ki tashi, ku tafi ku biyu. In kin shiga bita, ki matsa a yi maganar zubar jini bayan haihuwa da tamowa da gudawar yara. Ke ce mai shiga gidajen da aka rubuta "ba a shiga", abin da kika koya zai kai inda na maza ba zai kai ba. Reshen da ke barin mata a gida don rage kuɗin mota ya yi asarar da ba ya gani.

9. Ranar Lahadi

Da safe za ka ga an fara naɗe tabarmi, zaure ya ragu, alhali yanzu ne za a yi abin da ya tara mutane. Ka zauna ka saurari ƙudurori da biro a hannu. In buƙatarku ba ta fito ba, ka ɗaga hannu kafin a amince da su, don bayan an amince sai wani taron. In ta fito, ka lura ko an faɗi wanda zai aiwatar da kuma yaushe. Ƙudurin da ba shi da mai shi ba ya tashi daga takarda, kuma ba rashin ladabi ba ne ka tambaya. In akwai zaɓe, ka san tun a gida ko reshenku ya biya kuɗin shekara, don a ƙungiyoyi da yawa da shi ake samun ƙuri'a, ka kuma jefa wa wanda reshe ya amince da shi.

Matsalarmu ita ce bikin rufewa yakan ja har bayan azahar, mu kuma dole mu shiga gida da rana tsaka. Maganinta a yi magana tun Juma'a: wakilan yammacin jiha irinmu su haɗu su roƙi masu shiri a karanta ƙudurori da hantsi. In duk da haka an makara, a kwana a tashi Litinin. Takardar shaidar halarta ana iya ba direba ya kawo daga baya, ba ta kai a bi hanya da la'asar sakaliya ba.

10. Isar da saƙo

Da shigarka gida ka kira masu taro ka ce kun sauka lafiya. Cikin mako guda a kira zaman reshe, tun abin bai huce a kanka ba. Ka karanta ƙudurori, ka faɗi amsar da aka ba buƙatarku ko ba ta yi daɗi ba, ka baje rasit, ka mayar da canji. Kayan da aka ba reshe, jaka ce ko bandeji ko riguna, a ƙirga su a gaban kowa a rubuta a miƙa wa ma'aji, kada su kwana a ɗakin wakili. Sannan ka shimfiɗa tabarma ka koyar da abin da ka koya, kowane memba ya gwada da hannunsa kamar yadda aka sa ka ka gwada.

Daga reshe sai gari. Masu babur da direbobi su ne ke fara isa ga mai rauni, ungozoma ce ke gaban mai haihuwa, malaman firamare da na allo suna tare da yara wuni guda. Su ya kamata ilimin ya fara samu. A sanar da mai unguwa da dagaci, in aikin ya shafi gunduma a kai gaisuwa fadar Sarkin Ruma a Batsari ko ta Yariman Katsina a Safana, don taron da iyayen ƙasa suka sa wa albarka ya fi cika. Asabar ta biyu ta watan Satumba ita ce ranar agajin gaggawa ta duniya, ta dace da irin wannan koyarwa a fili. Bayan wata guda sakatare ya rubuta wa shiyya wasiƙar tuni, ya ambaci ƙudurin da ranar da aka yanke shi, in shiru ya sake rubutawa.

Ku kuma shugabannin rassa, ina roƙonku kada ku sa hannu a wasiƙar wakili sai kun ga rahoton da zai tafi da shi, kun kuma tsayar da ranar da zai dawo ya tsaya gaban membobi ya ba da bayani. Allah ya kai su lafiya, ya dawo mana da su lafiya.